Ranar da Na Ce Ba Bukar Ya Ɓata

Na daɗe ina aikin asibiti, na kuma ga abubuwa iri-iri, amma akwai wata Talata da har yau ban manta da ita ba. Tun da kun ce in ba ku labari ɗaya daga aikina, ku da kuka shigo bayanmu, wannan zan ba ku, ko da yake ba irin labarin da zai sa a yaba mini ba ne.

Lokacin ba a daɗe da ƙirƙiro Jihar Arewa maso Gabas ba. Hedikwata tana Maiduguri, mu kuma muna Jimeta, a wani asibiti da ba sai na faɗi sunansa ba. Ni malamin kati ne. Aikina in zauna a taga in rubuta sunan mara lafiya da unguwarsa, in ba shi kati, in an kwantar da shi kuma in shigar da lambar gadonsa a babban littafi. Sama da ni akwai nas-nas, sama da su akwai Sista mai kula da ɗakunan kwanciya, sai likita a kan kowa.

Shekarun yaƙi ne, ma'aikata da yawa sun koma garuruwansu, hannu ya yi ƙaranci. Likitan da aka turo mana ɗan Indiya ne, mutumin kirki, amma ba ya jin Hausa, ba ya jin Fulatanci. Ni kuwa da Fulatanci na tashi a unguwar Makama ta Yola, Hausa a kasuwa da makaranta na tsince ta, Turanci kuma na yi firamare na ɗan taɓa gaba da ita. Sai aka mai da ni tafinta ba tare da wata takarda ba. Da mara lafiya ya shiga, sai ka ji likita ya ɗaga murya, "Hammadu!" in bar taga in ruga. Ba zan ɓoye muku ba, abin yana fasa mini kai. A unguwarmu ana cewa ai Hammadu shi ne bakin likita. Saboda haka ban taɓa yarda na ce masa ban gane ba. In kalma ta wuce ni, sai in dubi fuskarsa in cike gurbin da abin da na ga ya dace, kuma yawanci ina dacewa.

Ran Lahadi aka kawo mana Ba Bukar. Mutumin Barno ne, inda ake sa "Ba" a gaban sunan dattijo, "Ya" a gaban na mace, ya haura shekara hamsin, yana sayar da kanwa da turaren wuta a kasuwar Jimeta, gidansa a unguwar Limawa. Ƙanensa Modu ne ya kawo shi, cikinsa ya kumbura, yana ta amai. Likita ya duba ya ce hanji ne ya murɗe, sai an yi tiyata. Ni na fassara. Ba Bukar ya dube ni daga kwance ya ce, "Yaro, gaya masa ni ba akuya ba ne. Da cikina rufe na zo duniya, da shi rufe zan koma." Likita ya yi lallashi, Modu ya yi, ya ƙi sa hannu. Ran Litinin ma da na leƙa shi, dariya ya yi duk da ciwon, ya ce mini, "In kun matsa mini, za ku wayi gari ku ga gado ba kowa. Akwai mai magani a Yola, na san gidansa."

Wannan ba baƙon abu ba ne a lokacin. Mutane suna tsoron wuƙar likita ƙwarai. Ba a yin wata biyu ba mu samu wanda ya sulale ta bayan katanga ba, wani ma da rigar asibiti a jikinsa.

Ran Talata na iso aiki wajen ƙarfe takwas. Ranar rangadi ce, wato ranar da likita yake zagaya ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyuka, ba ya dawowa sai washegari. Ina buɗe taga na hango shi ya fito da jakarsa da sauri, direba ya riga ya ta da mota. A daidai lokacin Modu ya shigo ƙofar asibiti da kwanon koko a hannu, matar Ba Bukar, Ya Falmata, tana biye da shi. Modu a asibiti ya kwana, amma da asuba ya tafi masallaci, daga can ya wuce gida ya ɗauko abin kari.

Likita ya gan su, ya tsaya, ya yafito ni. Ƙafarsa ɗaya tana cikin mota ya ce da ni a hankali, "I am sorry. Tell them we lost him." Ya ƙara wasu kalmomi da ƙarar injin ta cinye, ya dafa kafaɗata, ya ɗan sunkuyar da kai wajen Modu, mota ta tashi.

Kalmar lost na san ta tun ina aji uku. Malaminmu ya rubuta a allo, lose, ɓatar da abu, lost, an riga an ɓatar. Misalin da muka haddace shi ne na yaron da alƙalaminsa ya ɓata. Ban taɓa jin ta da wata ma'ana ba. Sai na ce a raina, to, tsoho ya cika alkawari. Haƙurin da likita ya bayar kuwa na ɗauka na sakacin masu gadi ne.

Duk da haka na ce su jira ni, na shiga ɗakin maza. Gado mai lamba tara babu kowa, an yaye zanen gado, ba takalmansa, ba butarsa. Na tambayi wanda ke gadon kusa, ya ce shi allura aka yi masa, da ya farka ya ga wayam. Nas ɗin da ta kwana ta riga ta tashi, ta safe kuma an ja ta ɗakin yara saboda ƙyanda da ta cika mana asibiti a makon. Ban bi ta can ba. Abin da na gani ya yi daidai da abin da na riga na sa a raina, sai na fito.

Na ce, "Malam Modu, likita ya ce ku yi haƙuri. Ba Bukar ya ɓace musu. Ga alama ya fita kafin gari ya waye."

Modu ya ajiye kwanon koko a ƙasa ya tafa hannu. "Na faɗa! Wallahi na faɗa! Yayana ke nan." Ya Falmata ta ja mayafinta ta rufe baki tana dariya, ta ce, "In har ya iya tashi ya tsallake katanga, ashe da sauƙi." Ni ma na yi dariya tare da su. Har shawara na ba su, na ce su fara da gidan mai maganin nan na Yola. Suka yi mini godiya suka tafi. Na koma taga, na buɗe babban littafi, a gaban sunansa na rubuta cewa ya bar asibiti ba da izini ba, na sa hannu.

Na yi aikina na ranar lafiya lau, na ci abincin rana, na yi azahar. Bayan la'asar, layi ya ragu, sai ga Baba Yohanna a bakin taga. Shi ne mai kula da ɗakin ajiye gawa, dattijo ne daga kudancin lardi, ba ya yawan magana, kuma ba kasafai yake zuwa wajenmu ba. Ya ce, "Malam kati, mutanen Babarbaren nan ba ya zuwa ne? Zafin nan ya yi yawa. Ɗakina ba sanyi, ka sani. Gawa ba zai kai gobe ba."

Na ce, "Wane Babarbare, Baba?"

Ya zaro 'yar takarda daga aljihu ya miƙo. Sunan Ba Bukar ne, gado tara, da sa hannun likita, da lokaci, ƙarfe shida da rabi na safe.

Na karanta sau uku. Na ce, "Baba, ai ya gudu. Likita ya ce ya ɓata." Ya dube ni ya ce, "Zo ka gani."

Na bi shi. Ya yaye zanen daga fuskar. Ba Bukar ne, da gemunsa mai furfura, kamar mai barci. Takalmansa da butarsa suna ƙulle cikin zani a ƙarƙashin teburin. Ashe bayan fitar Modu da asuba ciwo ya tsananta, ya fita hayyacinsa, aka taso likita, aka tura shi ɗakin tiyata, kafin a fara komai rai ya yi halinsa.

Ga yadda ƙa'ida take. In mutum ya rasu, nas tana cika takarda biyu, ɗaya ta bi gawa, ɗaya ta zo ofishin kati don a rufe shafinsa a kuma tabbatar an sanar da dangi. Tawa takardar tana can kan teburin nas an danne ta da kwalbar tawada, ba wanda ya kawo, ni ma ban nema ba.

Na ruga ofishin Sista Rahila, babbarmu, na faɗa mata komai a tsaye. Ta cire tabarau ta ce, "Maimaita mini abin da likita ya ce, da Turancinsa." Na maimaita. Ta ɗora hannu biyu a ka. "Hammadu! Haka suke faɗin mutuwa! In likita ya ce we lost him, ya mutu ke nan. Me ka gaya wa mutanen?" Na faɗa mata. Ta ce, "Ɗauki keken ofis. Kai ka kai musu maganar farko, kai za ka kai ta biyu. Maganar hukunci sai gobe."

Ban san yadda na isa Limawa ba. Na fara tsayawa masallacin unguwa na sami liman, Modibbo Sa'adu, na durƙusa na ba shi labari da Fulatanci, domin Hausa ta ƙi fita daga bakina. Ya yi salati, ya sa takalmi, muka tafi tare. Tun daga zaure muna jin ƙamshin miya. Modibbo ya yi sallama, Ya Falmata ta zo bayan ƙofa, muryarta a sake, ta ce, "An gan shi ne? Na ɗora masa miyar da yake so, na san da yunwa zai dawo."

Modibbo ya dube ni. Na ce, "Inna, ni ne malamin kati. Maganar da na gaya muku da safe kuskure ce. Ba Bukar bai gudu ba. Allah ya yi masa rasuwa tun da safe, yana asibiti."

Ba ta yi kuka ba da farko. Ta ce, "Da safe ka ce ya ɓata. Yanzu ka ce ya rasu. Wanne zan ɗauka?" Modibbo ya ce, "Na yanzu, Falmata. Ya gan shi da idonsa. Sai haƙuri." Sai muka ji ludayi ya faɗi ƙasa. Ta ce, "Tun da safe? Ina tsaye a ƙofar asibitin ina dariya, shi yana ciki kwance shi kaɗai?" Daga nan kuka ya ɓarke, maƙwabta suka fara shigowa.

Modibbo ya tambaya ina Modu. A nan na ji abin da ya fi na farko nauyi. Modu ya je Yola gidan mai magani, ba a gan shi ba. Ya zagaya kasuwa da gidajen abokai, babu. A tasha wani ya ce masa kamar ya ga dattijo mai kama da shi ya shiga motar arewa. Sai Modu ya yanke cewa yayansa gida ya nufa, garinsu can wajen Bama, inda mahaifiyarsu take. Tun kafin azahar ya ƙetare kogi ya hau babbar mota ya bi shi. Ba waya a garin, ba yadda za a tare shi a hanya.

Gawa kuma ba za ta jira ba. Mutanen unguwa suka ɗauko ta, aka yi wanka, aka yi sutura, aka sallace shi, aka kai shi makwancinsa gab da magariba. Ƙanensa ɗaya tilo da suka baro gida tare, suka yi shekaru suna kasuwa ɗaya, yana kan hanya yana neman sa. Ni na tsaya a sahun baya, ban iya ɗaga kai ba.

Washegari likita ya dawo, Sista ta kai ni gabansa ta yi masa bayani. Na zaci zai yi faɗa. Sai na ga fuskarsa ta canza, ya zauna a kujera ya rufe ido. Ya ce ya ga matar a tsaye, bai so kalmar mutuwa ta fito tsirara a gabanta ba, shi ya sa ya zaɓi mai taushi. Ya ce laifin namu ne mu biyu, domin maganar rai ba a yin ta da ƙafa ɗaya cikin mota.

Ya jawo wani babban ƙamus daga kabad, ya buɗe, ya juyo mini shi ya ce in karanta da kaina. Bayanin kalmar ya kusa cika shafi. Ana faɗin ta in abu ya ɓata. Ana faɗin ta in mutum ya ɓata hanya, ko an cinye shi a wasa, ko ya faɗi a shari'a, ko an kore shi daga aiki. Ana faɗin ta in jini ya zuba da yawa, ko mutum ya rame, ko fushi ya ƙwace masa. A tsakiyar jerin kuma ga ta nan, in mutuwa ta raba ka da wani. A ƙasa, inda ake bayanin asali da ƙananan baƙaƙe, likita ya sa yatsa. Ashe a tsohon Turanci na ɗaruruwan shekaru, kalmar daga halaka ta samo tushe, wato abu ya lalace ko ya salwanta gaba ɗaya. Ma'anar da ban sani ba ta girmi wadda na haddace.

Sista Rahila da ke tsaye ta ce mini da Hausa, "Kai da kake jin Hausa, in an yi mutuwa me muke cewa? Ba an yi rashi ba? Ba mun rasa wane ba? Rasa da rasu ai gida ɗaya suka fito." Wannan ya fi komai ba ni kunya. Da na ce musu likita ya ce mun rasa shi, ko ban gane ba su da sun gane. Kalmar tana bakina kullum, amma allon aji uku ya ce ɓata, ni kuma na tsaya a nan.

An ba ni takardar tuhuma, wadda ma'aikaci yake amsawa a rubuce cikin kwana biyu. Na amsa ban kare kaina ba. Aka sa mini gargaɗi a fayil, aka jinkirta mini ƙarin girma. Na je babban littafi na ja layi ɗaya a kan abin da na rubuta, kamar yadda doka ta ce, ba a gogewa, na rubuta gaskiya a samansa. Daga makon Sista ta kafa ƙa'ida: ba a sanar da mutuwa sai a zaune, sai da mutum biyu, sai takarda tana hannu, kuma tafinta ya maimaita wa likita abin da ya fahimta kafin ya buɗe baki ga dangi.

Kwana biyar bayan haka Modu ya dawo. A tasha ya ji labari, ya wuce maƙabarta, daga can ya zo asibiti. Da na hango shi na fito daga taga na tsaya, na shirya wa mari ko abin da ya fi mari. Idanunsa sun yi ja, rigarsa duk ƙurar hanya. Ya ce, "Malam Hammadu, zauna." Muka zauna a kan benci.

Ya ce, "An ce kalma ce ba ka gane ba."

Na ce, "Haka ne."

"Guda nawa?"

"Ɗaya."

Ya gyaɗa kai. "Ni Hausa ba harshena ba ne. Kai ma ba naka ba ne. Likitan ma an ce Turanci ba nasa ba ne. Amma ni a kasuwa, in mutum ya yi mini magana ban gane ba, sai in ce maimaita. A kan cinikin kanwa kawai ke nan."

Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Kwanansa ne ya ƙare, ba kai ka kashe shi ba. Rashin sallar da ban yi masa ba, na yafe maka. Amma da na isa gida ban tarar da shi ba, tsohuwarmu ta tambaye ni, na ce mata Bukar ya samu sauƙi har ya gudu daga asibiti, yana hanya. Ta sa an share masa ɗaki. Gobe zan koma in gaya mata." Ya tashi, ya miƙo mini hannu muka yi musafaha, ya tafi. Ban sake ganin sa ba, an ce daga baya ya kwashe iyalin ya koma Barno.

Na ci gaba da tafinta shekaru da yawa bayan wannan, na yi aiki da likitoci daga ƙasashe daban-daban. Na sayi ƙamus nawa, na fahimci cewa manyan kalmomin likitanci ba su ne abin tsoro ba, domin su kowa ya san bai san su ba, zai tambaya. Ƙananan nan da muka haddace tun muna yara, waɗanda muke ganin mun gama da su, su ne suke kayar da mutum. Wasu likitocin sun yi ta ƙorafi cewa Hammadu ya cika tambaya, yana ɓata musu lokaci. Ban taɓa jin haushi ba.

Ku da kuke tsayawa yanzu tsakanin likita da mara lafiya, kun fi mu karatu nesa ba kusa ba. Amma ku sani, wanda yake gabanku ba ya jin likita, ku yake ji. Abin da ya fito daga bakinku shi zai ɗauka ya kai gida, a kansa zai yi dariya ko kuka, a kansa zai hau mota. In kuna da ko ɗigon shakka, ku tsayar da likita, ko da motarsa ta tashi, ku ce masa, "Yallaɓai, ban gane ba, maimaita." Ni ranar da ya kamata in faɗi haka girman kai ya hana ni, kuma ba ni na biya ba.